Kawu, A-kori-kurarsa, da Zauren da Ya Bari

Ina cikin tura wani tsoho a keken marasa lafiya, a asibitin da nake aiki a garin Largo, nan ƙasar Turawa, wayata ta yi motsi a aljihu. Ba a yarda mu ɗaga waya a bakin aiki ba, don haka sai da na kai shi ɗakin hoto na fito sannan na duba. 'Yar Kawu ce. A nan ƙasar aka haife ta, kuma tun tana ƙarama in ka yi mata Hausa da Turanci take mayar maka. Na kira ta. Ta ce, "Yaya, Baba ya rasu." Da Hausa ta faɗa, kalma huɗu, ba ta yi tuntuɓe a ko ɗaya ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Allah muke, kuma Kawu ya riga mu komawa.

Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya karɓe ni a ƙasar nan. Ya yi sallar azahar a garejin da yake haya, ya zauna a benci ya huta, mai garejin kusa da nasa ya same shi a haka. Likita ya ce zuciya ce. Washegari muka kai shi makwancinsa.

An yi zaman makoki a gidansa, maza a ɗakin ƙasa, mata a sama. Direbobin tasi 'yan Nijar da suka yi shekaru suna layi tare da shi sun zo, 'yan Gana sun zo, 'yan kasuwa sun zo. Kowa ya ce mutumin kirki ne, kuma gaskiya suka faɗa. Amma na san bakunan nan. Yana raye, Sarkin Tsatsa suke ce masa. In ya tashi daga hira ranar Asabar sai wani ya ce, "A gaida Nasara, a gaida ƙarafa." Ina riƙe da tiren shayi wani Alhaji ɗan kasuwa ya gyara zama ya ce, "Allah ya jiƙansa. Sai dai ya ba ƙarfe lokacin da ya kamata ya ba mutane." Wasu suka gyaɗa kai. Na ajiye masa shayinsa a gabansa ban ce komai ba, don gidan makoki ne. Yanzu da nake rubutu zan ce: Alhaji, ba ka san shi ba. Shekaru kuna sahu ɗaya a masallaci, ba ka taɓa tambayarsa me yake yi ranar Asabar ba.

Ranar sadakar uku mutanen Asabar ɗin suka zo. Ƙungiya ce ta masu son tsofaffin motocin Faransa, yawancinsu Turawa dattawa. Sun jera motocinsu a gefen titi har yaran unguwa suka fito kallo. Ba su ji labari ba sai bayan an binne shi, kuma na ga abin ya yi musu ciwo, don su sun saba a jira mako. Suka tsaya a ƙofa suna kallon tulin takalma, sannan ɗaya bayan ɗaya suka sunkuya suka cire nasu. Da suka sauko ɗakin ƙasa hira ta mutu. Liman ne kaɗai ya matsa ya ba su wuri. Shugabarsu, wata dattijuwa mai farin gashi, ta zo da furanni, aka rasa yadda za a yi da su, har matar Kawu ta aiko a saka mata su a bokiti.

Kafin su tafi shugabar ta ja ni gefe a bakin mota. Ƙungiyar tana da dandali a intanet inda suke hira da tambayoyi da musu a kan motoci. Kawu zaure yake ce masa, kuma shi ne mai kula da shi shekara da shekaru. Shi ke iya ɓoye rubutun da bai dace ba, shi ke iya korar mutum. Ta ce, "Na san kana da makullinsa, kalmar sirrin da yake shiga da ita. Ka shiga ka gani. Ni na kasa. Abin da ka ga ya dace ka yi, ƙungiya tana bayanka."

Na shiga na gani. Akwai mutum ɗaya a zauren nan da nake son in kora, kuma danna wuri ɗaya ya isa. Amma makullin na Kawu ne. In na danna, da sunansa korar za ta fito, shi da bai taɓa korar kowa ba tun da aka ba shi zauren. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan. Kafin in faɗi abin da mutumin ya yi, sai na faɗi wane ne Kawu, don ko mu da muke nasa ba duka muka sani ba.

Motar tasa a-kori-kura ce ƙirar Faransa, irin waɗanda suka cika hanyar Maradi zuwa Katsina a da. Da ita ya koyi tuƙi, da ita ya yi dakon albasa da gyaɗa da mutane kafin ya taho. Ta daɗe a yashe a bayan gidan yayansa, kaji suna kwana a ciki. Da ya ɗan samu natsuwa a nan sai ya sa aka ɗoro ta a jirgin ruwa. Mahaifiyata ta kira ni daga gida ta ce, "Kowa daga can yake aiko mota, Kawunka shi daga nan yake ɗauka. Ka duba mini ko lafiyarsa ƙalau."

Motar ba yadda kamfani ya ƙera ta take ba. Wani bakanike a Maradi, wanda ya rasu tun tuni, ya ƙara mata sifirin a baya don ta ɗauki nauyi. Ya yi mata walda mai kauri a ƙarƙashin bodi. Lagireton ma na wata motar ne aka datse aka saka. A ƙyauren baya an rubuta "Allah kiyaye" da fenti ja, hannu bai daidaita ba. Kawu ya wanke ta, ya gyara injin, ya sabunta birki, amma bai taɓa waɗannan ba. Yakan shafa waldar da tafin hannu ya ce, da harshensa na Maradi da bai taɓa sauyawa ba, "Wanga aikin ya ci da gida uku."

Shigarsa ƙungiyar a tasi ta faro. Ya ɗauki shugabar nan daga wajen ofisoshin gwamnati na unguwar Southwest, inda take aiki a lokacin, ta hango hoton motar da ya maƙala kusa da sitiyari. Ta faɗi ƙirarta da shekararta ba kuskure. Ya ce sai da ya kusa tsallake jan wuta. Ta gayyace shi taronsu na safiyar Asabar a wani filin ajiye motoci a garin Annandale, cikin Virginia. Ya je da babbar riga da hula da fulas ɗin shayi. Ya dawo ya ce mini, "Na ga mutanen da ba su ce mini mahaukaci ba."

Yana jin Turanci sarai, amma rubuta shi yana yi masa nauyi, don makarantar Faransanci ya ɗan taɓa. Shi ya sa da farko ni nake zama gaban kwamfuta, shi yana tsaye a kaina yana faɗa ina juyawa. A nan na san zauren. Wuri ne da mutum zai tambayi wane mai ya dace da tsohon inji, kafin azahar an zagi iyayen mutum biyar. Mutanen da suke gaisawa da fara'a ranar Asabar, in sun koma gida sun zauna gaban allo sai ka ce an sauya su.

Ranar farko na fara rubuta tambayarsa kai tsaye, ya dafa kafaɗata.

"Ina sallamar?"

"Kawu, nan ba a yi. Tambaya kawai ake jefawa."

"To jefa musu kake ko tambayarsu kake? Goge. Rubuta: ina gaida kowa, ina fatan iyali lahiya, ina fatan motoci lahiya."

Na rubuta ina jin kunya. Suka yi ta yi masa dariya. Wani ya amsa da cewa iyali lafiya amma mota tana tari. Kawu ya ji daɗin wannan amsa har ya sa na karanta masa ita sau biyu. Bai daina gaisuwar ba ko rana ɗaya. A hankali wasu suka ɗauka, da wasa da farko, daga baya ba da wasa ba. Har yau in ka shiga za ka ga Bature a Virginia ya fara rubutunsa da tambayar iyali da mota.

Da wanda yake kula da zauren ya gaji ya ajiye, ba wanda ya yarda ya karɓa, sai aka ba Kawu. Aka nuna masa inda ake danna kora. Ya ce, "Ba a korar mutum daga zaure ba a ga idonsa ba." Nasa tsarin shi ne, in mutum ya yi zagi, sai ya ɓoye rubutun, ya bar abin ya kwana, sannan ya tafi gidan mutumin. Ba ya kira kafin ya je. A ganinsa kiran waya kafin ziyara rowa ce, kamar kana tambayar mutum ko yana da abin ba ka. Na sha gaya masa ƙasar nan ba haka take ba.

Mutumin da nake magana a kansa tsohon soja ne, yana zaune shi kaɗai a Annandale. Yana cikin waɗanda suka yi imani cewa tsohuwar mota dole ta kasance yadda ta fito daga kamfani, har kan kusa. Da aka saka hotunan motar Kawu a zaure, ya rubuta cewa wannan ba mota ba ce, jakin ƙauye ne da maƙeran daji suka lalata, kuma abin kunya ne a jera ta da motocin mutane a bajekolin shekara. Ina karanta wa Kawu ina rage wasu kalmomin. Ya gane.

"Karanta yadda ya rubuta. Ni ba yaro ba ne."

Na karanta. Ya ce in ɓoye rubutun. Ranar Asabar da hantsi ya zo gidana da fulas da ƙunshin kilishi da wani ya kawo masa daga gida. "Tashi mu tahi."

Muka ƙwanƙwasa. Labule ya motsa. Ta bayan ƙofa mutumin ya ce su wane ne, me muke so, kuma mu sani waya tana hannunsa. Na ce, "Kawu, don Allah mu tafi. A nan ana harbin mutum a kan abin da bai kai wannan ba." Kawu ya tattare rigarsa ya zauna a kan matakala, ya buɗe fulas, ya jera kofi uku ya zuba.

"Hwaɗa mishi mai jakin ƙauye ne ya zo gaisuwa."

Na faɗa. Aka daɗe. Sannan ƙofa ta buɗe. Dogo ne, siriri, fuskarsa ja. Ya kalli kofunan, ya kalli Kawu, ya ce ba ya shan shayi da sukari. Kawu ya ce to ya ci nama. Ya ɗauki kilishi ya gutsira, yaji ya kama shi ya yi ta tari, dole ya sha shayin. Daga nan ya kai mu garejinsa. Motarsa tana ciki, fes, ko ƙura babu, an shimfiɗa mata dadduma a ƙarƙashi. A kan tirela yake kai ta taro don kada taya ta taɓa titi. Kawu ya zagaya ta da hannu a baya, ya yaba fentin, ya yaba kujerun, sannan ya tambaya, "Yaushe rabonta da hanya?"

Kawu bai ce masa ya ba da haƙuri ba. Cewa ya yi, "Ra'ayinka naka ne, ka sake rubuta shi. Ka ce motata ba ta asali ba ce, gaskiya ne. Amma bakaniken da ka ce maƙerin daji yana da suna, yana da ɗiya, kuma ya rasu. Cire wannan." Da yamma rubutun ya dawo babu zagin. Babu ban haƙuri kuma.

Da a nan abin ya tsaya da na ce Kawu ya yi nasara. Bai tsaya ba. Bayan 'yan watanni sojan ya sake zagi, a kan wani. Kawu ya ɓoye, ya ɗauki fulas. Sojan ya sake. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru. Mutumin ya zo gidan Kawu da salla ya ci tuwo, ya koma ya rubuta cewa wasu mutane ba su san bambancin gyara da ɓarna ba. A kansa muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba ni da Kawu. A cikin a-kori-kurar muke, muna dawowa daga taro, iska tana shigowa ta ƙasan ƙofa.

Na ce, "Kawu, mutumin nan ba ya ganin girmanka. Kai kake zuwa gidansa kamar kai ka yi laifi. Kowa a zauren nan so yake a kore shi."

"Ni girma na tahi nema?"

"To me kake nema?"

"In na kore shi ina zai kai bakin nan? Haɗiye shi zai yi? Wani wuri zai kai shi, inda babu mai zuwa gidanshi."

"Sai ya kai. Ba ɗanka ba ne."

Ya sauya giya da ƙarfi, abin da ba ya yi wa motar nan. Ya ce, "Kai aikinka rubutu. In hannunka ya gaji hwaɗa mini." Na ce ya gaji. Daga ranar ya koyi bugawa da kansa, da yatsa biyu, gilashi a kan hanci, 'yarsa tana gyara masa kalmomi tana tsokanarsa. Mun shirya kafin mako ya fita, amma ban ƙara raka shi gidan mutumin ba, kuma har yau ban ga inda na yi kuskure ba.

Ba sojan kaɗai yake zuwa wa ba. Akwai wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata mota, ta shigo zaure ta tambayi inda ake zuba ruwa, don ba ta taɓa buɗe gaban mota ba. Mutum uku suka yi mata ba'a, ɗaya ya ce ta gwada tankin mai. Kawu ya ɓoye rubutunsu, ya bi su gida-gida. Asabar ta gaba dukansu uku suna kwance a ƙarƙashin motar matar a ƙofar gidanta, Kawu yana zaune a kujera yana miƙa musu sifana. Matar tana cikin waɗanda suka cire takalmi a ƙofarmu ranar sadakar uku. Ita ce ta fi kowa kuka. Alhajin da ya yi maganar ƙarfe yana kallonta, bai san ko wace ce ba.

Yana da ɗabi'un da suke ba mu haushi. Ba ya zuwa ko'ina a kan lokaci in ya ga tsohuwar mota a hanya. Hannunsa kullum da baƙin mai a gindin farce, matarsa ta gaji da faɗa a kan tawul. In ka kawo masa ƙarar wani sai ya tambaye ka ko mutumin ya ci abinci a ranar. Ba waliyyi ba ne. Na taɓa ganin ya karanta wani rubutu ya tashi ya fita waje ya yi ta zagi da Hausa, zagin tasha, har maƙwabciya ta leƙo. Ya gama, ya wanke fuska, ya dawo ya zauna ya fara: ina gaida kowa.

To ga abin da na tarar da na shiga da makullinsa.

Shugabar ta buɗe shafin ta'aziyya, ta saka hoton Kawu ya jingina da motarsa yana dariya. Mutane sun rubuta abubuwa masu kyau. Wasu sun ba da labarin ranar da ya bayyana a ƙofarsu da fulas. Sai tsohon sojan ya shigo. Ya ce yana baƙin ciki, marigayin mutum ne mai haƙuri. A layi na biyu ya ce yana fata yanzu iyalin za su miƙa motar ga wanda ya san darajarta, a yanke duk waldar ƙauyen nan, a goge rubutun bayan, a mayar da ita yadda ya kamata. Ya ce shi a shirye yake ya zo da tirela cikin makon, kafin a ƙara lalata ta.

Kawu bai kwana uku a kabari ba lokacin da aka rubuta wannan.

Akwai aminin Kawu, ɗan Kumasi, mai kantin kayan abincin gida, wanda Kawu ya ja shi cikin ƙungiyar. Shi ya fara amsawa. Ya zagi uwar mutumin, ya zagi launinsa, ya ce ba mamaki 'ya'yansa ba sa taka gidansa, kuma ranar da ya mutu sai wari ya sanar da maƙwabta. Daga nan kowa ya shigo. Wasu suka ce wa ɗan Kumasin ya koma inda ya fito. Wasu suka tono faɗan da Kawu ya binne shekaru da suka wuce. Duk wannan a ƙarƙashin hotonsa yana dariya. Babu ko ɗaya da ya fara da gaisuwa.

Ina jin haushin sojan. Ina jin haushin waɗanda suka sha shayin Kawu a ƙofar gidajensu, suka kasa riƙe bakinsu kwana uku. Ina jin haushin mutanenmu da ba su san ma akwai zauren ba. Kuma, Allah ya yafe mini, ina jin haushin Kawu, da ya kashe Asabar ɗinsa a kan mutumin da ya jira ya mutu ya nemi motarsa.

Na yi abin da na ga yana yi da farko. Na ɓoye duk zagin, na kowa, na bar ta'aziyyar. Na bari ya kwana. Sannan na je kantin aminin nasa, don wannan ziyarar ba ta da wuya. Na same shi yana jera doya.

"Baba, na ɓoye rubutunka."

"Na gani. Nawa ka ɓoye, ko na oburonin nan, Baturen?"

"Duka."

"Duka." Ya ajiye doyar. "Ɗana, ni da Kawunka tun ba ka zo ƙasar nan ba. Mutum ya tsaya a kan kabarinsa yana cinikin mota, kai kuma ka zo kana auna ni da shi a sikeli ɗaya?"

"Maganar 'ya'yansa, a ina ka ji?"

Ya juya ya gyara abin da ba ya bukatar gyara. Ya ce, "Kawunka ya taɓa faɗa mini. Don in tausaya masa ya faɗa." Ya ɗauki doyar da ya ajiye. "To, na ji. Zan sake rubutawa. Don Kawunka, ba don wancan ba. Amma ka kore shi. In ba za ka iya ba kawo makullin, yatsana lafiya lau."

'Yar Kawu ma haka ta ce, da Turancinta da ya dawo bayan kwana bakwai. Ta tsaya a kaina inda mahaifinta yake tsayawa ta ce, "Yaya, kana tura mutane a keke duk yini, wannan ɗan maɓallin ne ya fi ƙarfinka?"

Na hau sama wurin matar Kawu. Tana cikin takaba, tana zaune a kan sallaya da carbi. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ba ta labari duka, ban rage ba.

Ta ce, "Motar ba ta zuwa ko'ina. Wannan ka cire shi a ranka."

"To, Inna. Shi mutumin fa?"

"Ni ban taɓa ƙaunarsa ba. Ya zauna a gidan nan ya ci tuwona, ko sannu bai ce mini ba. Na gaya wa Kawunka ya daina kawo mini shi." Ta ja carbi. "In korarsa za ka yi, ka mayar wa shugabar tasu makullinta, ta kore shi da sunanta. Ko ka sa naka sunan. Amma kar ka sa mijina ya yi abin da bai yi ba yana da rai."

"In ban kore shi ba, sai na je gidansa. Haka tsarin yake."

"Ni ban ce ka je ba."

"Kuma ba ki ce kar in je ba."

"Fulas ɗin yana kicin," ta ce. "An wanke shi."

Ban ɗauka ba. Na sauko na koma gaban kwamfuta, na tarar da saƙo a akwatin Kawu, daga tsohon sojan. Ya san Kawu ya rasu, ya san wani ne yake riƙe da makullin, amma can ya aika. Babu gaisuwa, babu ban haƙuri. Cewa ya yi, "An ɓoye rubutuna. Na san yadda ake yi. Ina gida ranar Asabar."

Na karanta shi na tashi na fita waje, na yi irin zagin da na taɓa jin Kawu ya yi. Bai rage mini komai ba. Mutumin nan yana ganin ziyarar haƙƙinsa ce. Ya yi abin da ya yi, ya koma ya zauna yana jiran a ƙwanƙwasa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabari, ya karɓe shi yadda ya riƙa karɓar mutanen da ba su cancanta ba. Allah ya ba Inna da 'yarsa da mahaifiyata haƙurin rashinsa. Ni ma a saka ni a addu'a, don nawa haƙurin bai kai nasa ba, kuma ban tabbata ina son ya kai ba.

Zauren ya yi shiru yanzu. Aminin Kawu ya sake rubutunsa, ya fara da tambayar iyali da mota. Shugabar ta kira ni ta tambayi me na yanke, na ce ta ƙara mini lokaci. Asabar ɗin da mutumin ya ambata ta zo ta wuce, wata ma ta bi ta. Ban kore shi ba, kuma ban je gidansa ba.